Ƙwaryar Inna da na wanke

Shekarar da ciwon daji ya kama hanjin Inna, mahaifiyata, na san hanyar Illela zuwa Sakkwato har na ƙosa da ita. Duk bayan mako uku sai mu shiga fijo a tasha, a matse mu kamar buhunan albasa, mu je asibiti a ɗaura mata ruwa mai magani. Idan muka dawo sai zawo, bakinta duk gyambo, ko kunu ba ya zama a cikinta. Ni kuma ga koyarwa a firamare da safe, ga wankin zannuwa da yamma. Wallahi na gaji, gajiyar da har sallama nake jin ƙyuyar amsawa.

A zuwa na uku wata nas dattijuwa ta ja ni gefe. Ta ce Inna ta rame da yawa, in muka dawo ba ta ƙara ƙiba ba likita ba zai yarda a sa mata maganin ba, don jikinta ba zai ɗauka ba. Ta ce in riƙa ba ta kindirmo sabon kwana, kaɗan-kaɗan, yana kwantar da ciki. Sannan ta ja mini kunne kan tsabta: a tafasa ruwa, a tafasa madara, a wanke komai.

To ni da ma abin nema ya samu. 'Yar boko ce ni, ina ji da kaina. Inna tana da wata tsohuwar ƙwarya da take kwantar da madara a ciki tun ina yarinya, ta yi baƙi ƙirin, ba ta taɓa ganin sabulu ba. Na buɗe faifan, na ga ɗan ragowar nono a gindinta, na yatsina fuska na zubar a kwata. Na dirje ta da soso da sabulu, na ƙona ta da tafasasshen ruwa, har ina yaba wa kaina. Na sayi madara wurin Fulanin da ke zuwa daga wajen Kalmalo, na tafasa, na zuba, na rufe.

Washegari madarar ruwa tsululu. Jibi ta tsinke tana wari. Na zubar na sake, na zagi Bafulatanar a raina na ce ta ha'ince ni. Kwana biyar ina wannan shirme, ina ɗura wa Inna kunun da ke fita yadda ya shiga, girman kai ya hana ni tambaya. Rana ta shida ta ce in kawo mata ƙwaryar. Ta shinshina, ta shafa cikinta da yatsa.

"Mi kinka yi ma ƙwaryata?"

Na faɗa mata, har da kare kaina da maganar nas. Ba ta yi faɗa ba, ƙarfin faɗan ma babu. A hankali ta ce ragowar nan da na zubar shi ne iri, da shi madara ke kwana ta zama kindirmo. Daga gidan uwarta ta zo da shi, kullum sai ta bar ludayi guda don na gobe. Shekara da shekaru ina sha a gidan nan ban taɓa lura ba. Kunya ta rufe ni, haushin kaina kuma kamar in fasa ihu.

Ta ce ta taɓa ɗibar wa ƙanwarta da ke aure a Gidan Katta irin nan. Na tafi ranar da rana tsaka, na dawo da shi a ɗan kwano. Da safe madara ta kwanta luƙui. Inna ta sha ludayi biyu, ya zauna. Bayan kwana uku zawon ya lafa, har ta ce a dama mata fura marar yaji. Amma kwanakin da suka rage mana kafin komawa asibiti ba su da yawa, biyar na riga na zubar da su a kwata.

A asibiti nas ɗin ta ɗora ta a kan sikeli, ta duba, ta sake dubawa. Ta shiga wurin likita ta fito, ta ce mu koma gida, mu dawo bayan mako biyu. Ba ta tambaye ni komai ba, ni ma ban faɗa ba. Har yau ban sani ba ko kwana biyar ɗin nan da sun cike abin da sikeli ya nema. Abin da na sani, mako biyun bai cika da Inna a duniya ba.

Ranar sikelin nan, a fijon dawowa, ta jingina da kafaɗata, ba nauyi ko kaɗan. Na ɗauka barci take. Mun wuce Gwadabawa sai ta taɓa hannuna.

"Ɗiyata, kin bar luddai guda cikin ƙwaryar kahin mu hito?"

Na ce na bari, Inna.