Wa Zai Zauna A Motar Yanzu, Mama Ozella?

Ranar Talata takwas ga watan Oktoba, da hantsi, Allah ya karɓi ran Mama Ozella Tillmon a gidanta da ke bayan cocinmu, tana da shekara tamanin da shida. Ina suyar tarwaɗa a kicin ɗina, sai 'yarta Jeanetta ta kira ni, ta ce, "Vernice, Mama ta tafi." Sai kawai na zauna a ƙasa da waya a hannu. Ban tuna da kaskon da ke kan wuta ba sai da ƙauri ya cika gidan.

Mama Ozella, kin san ni ban iya tsara magana ba. Fasto ne ya ce duk mai abin faɗa ya rubuta a shafin intanet na coci. To ni dai zan yi miki magana ne yadda na saba in na zauna a kujerar shagonki kina gyara min kai.

Yaran yanzu sun san ki ne a matsayin tsohuwar nan mai farar hula da ke tare su a ƙofar coci tana tambaya, "Kai, ka yi rajistar zaɓe ko sai na kira uwarka?" Ba su san abin da ya sa kike haka ba. Ni na sani, don marigayiya mahaifiyata Earline ta ba ni labari har ya zauna min a kai.

A wancan zamanin, a nan jihar Misisipi ta Amurka, in baƙar fata ya je ginin kotu yin rajista, sai a miƙo masa wani yanki na tsarin mulkin jiha a ce ya karanta ya kuma yi bayani. In an ga dama a ce ya faɗi. Sannan a buga sunansa a jarida, duk gari ya gani. Malaman makaranta suna tsoro, masu aikin gonar auduga suna tsoro, don kowa Bature ne ke biyansa. Ke kuwa ba Baturen da ke biyanki. Kan matanmu ne abincinki. Shi ya sa kika mai da shagon gyaran gashi makaranta. Mahaifiyata ta ce matajin ƙarfe na kan wuta, ke kina tsaye a bayanta, kina cewa, "Karanta, Earline. In kika sake tsallake layin nan, kunnen nan naki ya sha wuta, kuma ba ruwana." Mata su kwashe da dariya, alhali an saki labule, kowa kunnenta na kan titi.

Mahaifiyata ta je gwajin ta faɗi, ta koma ta faɗi. Da sunanta ya fito a jarida, matar da take yi wa wanki ta sallame ta ba ko sannu. Ke kika ce ta zo ta riƙa wanke kawuna a shagonki. Da wannan aka ciyar da mu. Aka jefo bulo ta tagarki da rana tsaka, kika share kwalabe, kika kafa katako, kika ce wa matar da ke kujera ta gyara zama ba ki gama ba. Ranar da mahaifiyata ta fara jefa ƙuri'a kuwa, ke kika riƙe mata jaka.

Shekarun baya da aka ce za a kafa allon tarihi a ƙofar shagon, har da baƙi daga Jackson, babban birnin jiha, kika ce, "Ku kafa in kuna so, amma allo ba ya jefa ƙuri'a." Aka kafa. Ke kuma kika ajiye tebur a gindinsa kina yi wa yara rajista suna cin burodin masara.

To Mama, ga abin da ya hana ni sukuni.

Kin san dokarki ta fita bi gida-gida. Ba a fita mutum ɗaya. In an isa gidan da ba a sani ba, a shiga da baya, hancin mota ya kalli titi. Ba a kashe inji. Mutum ɗaya ya je ya ƙwanƙwasa ƙofa, ɗaya ya zauna a sitiyari, idonsa a madubi, hannunsa a kan hon. Kin ce haka kuka yi tun kuna 'yan mata, kuma shi ya sa kika kai tsufa. Yara suna miki dariya, wai zamani ya canza. Ki ce, "Zamani ya canza, hanyar tsakuwa ba ta canza ba."

'Yata Denetra ita ta ɗauki aikin nan da gaske. Tun da aka ɗauke wurin zaɓenmu daga makarantar unguwa aka kai shi can bayan gari, kusan kowace Asabar kuna tafe ku biyu, kuna gaya wa tsofaffi inda za su je da katin shaidar da za su riƙe, da wanda zai zo ya ɗauke su. Ita ke tuƙi, in an tsaya ta sauka, ke ki matso sitiyari. Ke da likita ya hana tuƙi saboda ido! Na ce, "Mama, in abu ya taso ai cikin rami za ki jefa ku." Kika ce, "Vernice, rami ya fi ƙofar wani."

Sai ranar nan a watan Agusta. Denetra ba ta gaya min ba, ke kika gaya min, ina kujera kina taje ni. Kun ɓata hanya kun shiga wani gida a ƙarshen hanyar tsakuwa, kuna zaton na wata tsohuwa ne. Kina gyangyaɗi, ita kuma don sauri ta shiga da gaba, ta kashe mota, ta sauka da makulli a aljihu. Tana hawa baranda wani farin mutum ya fito daga gefe da bindiga a hannu da kare. Bai nuna ta ba. Ya dai je ya tsaya a bayan motar, daidai inda za a yi ribas. Ya ce wa ya aiko ku, me kuke rubutawa. Kika ce kin farka kika lalubi makulli babu. Sai kika ɗora hannu a kan hon kika ƙi ɗagawa, har wata mata ta leƙo daga maƙwabta, shi kuma ya tofar da yawu ya matsa.

Kin ce duk hanyar dawowa faɗa kike mata. "Yarinya, kanki ƙwaƙwalwa ce ko audugar katifa? Wa ya ce ki cire makulli?" Amma da kika zo nan a labarin, Mama, sai kika ajiye matajin. Tun ina ƙarama ban taɓa ganin kin ajiye mataji ba ki gama kai ba. Daga ranar nan duk a-kori-kurar da ta rage gudu a ƙofar gidana sai gabana ya faɗi.

Shekaranjiya bayan an binne ki, muna kwashe kwanuka a zauren coci, na ja Denetra gefe. Na ce, "Shi ke nan ko? Kin yi iya naki. Ki bari sai bayan zaɓe."

Ta ce, "Mama, bayan zaɓe kuma in je in ce musu me?"

Na ce, "Kina da ɗa a gida."

Ta ce, "Ke ma Kaka tana da ke a gida."

Na ce to wa zai zauna mata a mota. Ta ce ta tambayi matasan coci, mazan duk suna aikin Asabar a kamfanin kifi, Jeanetta kuma za ta koma Chicago. Ta ce, "Zan je ni kaɗai, zan bar inji a kunne." Na ce inji a kunne ba kowa a ciki, wa zai danna hon, Mala'ika Jibra'ilu? Ta yi dariya. Ni ban yi ba.

Mama Ozella, ni ba ke ba ce. Ni ko karen maƙwabci ya yi haushi sai na canza hanya. Denetra kaɗai Allah ya ba ni. Na yi kuka, na yi fushi, na ce ba zan riƙe mata yaro ba, duk a banza. Ke kika rene ta a kan wannan, kuma ban isa in ce kin yi laifi ba, don da ba ki yi wa uwata haka ba da ban san inda muke ba. Amma ina ta ganin mutumin nan a bayan motar, ni da ban ma taɓa ganin fuskarsa ba.

Jiya da rana na ɗauki motar Denetra na je filin coci, ba kowa, ina koyon shiga da baya tsakanin kwandunan shara. Na ture ɗaya. Fasto ya leƙo ya ce, "'Yar'uwa Vernice, lafiya?" Na ce lafiya lau, ya koma ciki. Wuyana har yanzu ciwo yake. Na gaya wa Denetra ta zo ta ɗauke ni ranar Asabar, yaron mu bar shi wurin matar Fasto. Tsoron bai tafi ba, Mama, ko kaɗan. Na dai ga gara in ji shi a cikin motar da in ji shi a gida ina kallon waya.

Jeanetta, da ɗan'uwanki Cleophus, da jikoki duka, Allah ya ba ku haƙuri. Uwarku kuka rasa, amma duk garin nan maraya ne yau. Ubangiji ya jiƙanki Mama Ozella, ya yafe miki kurakuranki, ya ba ki hutu a wurin da ba a jefa bulo, ba a sakin labule. Yesu da kika yi wa waƙa tsawon ranki ya tarbe ki da hannunsa. Mu kuma da za mu hau hanyar tsakuwa ranar Asabar, duk wanda ya karanta wannan ya sa mu a addu'a. Allah ya maido mu gida lafiya, ni da 'yata, a mota ɗaya. Amin.

Vernice Hairston