Kadan da Almu Bai Gani Ba

Ƙauyenmu yana bakin Shuɗin Nilu, kudu da Wad Madani, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba a hafila, wato motar bas, in direba bai tsaya gaishe da surukansa a hanya ba. Kowace damina kogin yakan cika ya hau gaɓa, sannan ya janye ya bar mana baƙar laka mai maiƙo da muke kira jarif. A nan kowane gida ke shuka kankana da wake da kuɓewa da albasa, ba taki ba ban ruwa. Abin da kogin ba ya bari shi ne iyaka. Ka kafa turke, ka jera duwatsu, duk ruwa zai kwashe, a wayi gari gonakin gida arba'in sun zama shimfiɗa ɗaya.

Maganin wannan matsala mutum ne, sunansa Almu. Gajere ne siriri mai manyan kunnuwa, da wata sandar gora da ya gada wurin ubansa. Da zarar laka ta fara ɗaukar ƙafa, shehun ƙauye Jibirin, wato mai garinmu, zai aika a yi shela, magidanta su sauka gaɓa bayan Almu. Ya dubi gorubar da ke kan tudu, ya dubi hasumiyar masallaci, ya ƙirga taku, ya soka sanda ya ce, "Nan." Shi ke nan an gama. Ba takarda, ba rantsuwa. Shekara talatin da wani abu maganarsa ce kaɗai iyakar gonakinmu, kuma dalilin ɗaya ne: Almu ba ya ƙarya.

Kar ku ɗauka abin daɗi ne zama da irin wannan mutum. Ya taɓa kai jakinsa kasuwa ya tsaya yana lissafa wa mai saye aibobinsa, har mai sayen ya yi masa godiya ya wuce. Ba a zuwa da shi neman aure, tun ranar da uban yarinya ya tambayi halin yaro shi kuma ya ba da amsa. Matarsa Rabi'atu ta daina tambayarsa yadda miya ta yi tun suna amarci. Maƙwabcinsa na gona, Mahmudu, kowace shekara sai ya yi gardamar cewa an tauye masa taku uku, kowace shekara kuma jama'a su ce masa ya yi haƙuri, Almu ya faɗa.

Ƙasa da jarif akwai wani harshen rairayi fari da ke shiga cikin ruwa, ga kurmin bagaruwa a gefe, ga belbelu da agwagin ruwa, ga wani gurbi mai zurfi da ruwansa ke kwance kore shar. Mu ba mu taɓa sanin abin kallo ne ba. Wurin wanki ne, wurin shayar da jakuna. Sai a shekarar dubu biyu da huɗu wata hafila ta sauke ɗaliban jami'a da tabarmi da tukwane da ƙwallo, wai sun zo rihila, wato shan iska. Suka koma gari suka baza labari. Daga nan kowace Juma'a sai baƙi, iyali iyali, suna tsayawa suna kallon faɗuwar rana kamar a garinsu ba ta faɗuwa.

Tsautsayi ya sa hanya mafi kusa daga titi zuwa rairayin ta ratsa ta tsakiyar gonar Almu. Baƙi suka tattake masa yaɗo. Ƙwallo ta fasa kankana. Wanda ya tsinka ya ce, "Guda ɗaya ce fa, ya hajj." Ya yi shingen ƙaya, suka cire suka gasa nama da shi. Ya kafa allo aka rubuta masa gargaɗi da Larabci, suka shanya rigunansu a kai. Ya kai kuka wurin Jibirin, Jibirin ya karanta masa hadisin girmama baƙo.

Ranar da abin ya faru ina wurin, na zo sayen kuɓewa. Wani mai tumbi cikin farar jallabiya ya tsaya da ƙafarsa ɗaya kan yaɗon kankana, ya tambayi Almu da Larabci ko ruwan nan lafiya yake yara su shiga. Almu ya dubi ƙafar, ya dubi gonarsa, ya kawar da ido ya ce, "Akwai kada."

Kalma biyu ce. Kafin in ɗaure kuɓewata an naɗe tabarmi, an kwashi yara, wata mata ta bar takalminta ƙafa ɗaya a rairayi. Gaɓa ta yi tsit. Na juya in yi wa Almu barka, na tarar zufa na keto masa. Rabi'atu ta ce ranar ko tuwo bai taɓa ba.

An gudu ba a tsira ba. Ashe mai tumbin ya tsaya a bakin titi ya tambayi mutane ko tsohon nan abin gaskatawa ne, aka ce masa in Almu ya faɗa to ya rubuta. Juma'ar da ta biyo, maimakon hafila uku, tara suka zo. Mutanen birni a talabijin kawai suke ganin kada, ga shi an ce akwai na gaske a kusa da gida. Suka jeru a gaɓa suna leƙen gurbi, masu ƙarfin hali na jefa ƙashin kaza.

Mu ma muka yarda, me zai hana? Rabon da a ga kada a gaɓarmu tun kafin a haife ni, amma Almu ne ya faɗa. Mata suka ƙaurace wa wurin wanki. Ba a yi wata guda ba aka fara samun shaidu. Wannan ya ga idanunsa, wancan ya ji gurnaninsa. Mahmudu ya zo masallaci yana huci, ya ce a gabansa kadan ya ja akuyar gidansa. Ni kaina, Allah ya yafe mini, na ga wutsiyarsa, kuma na ba da labarin a Wad Madani fiye da sau goma, kowane karo wutsiyar na ƙara tsawo.

Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Rabi'atu ta kafa murhu ƙarƙashin bagaruwa tana sayar da shayi da gahawa da zalabiya, wani soyayyen ƙulli mai kama da fanke. Masunta suka ajiye koma suka koma zagaya baƙi a kwalekwale, nesa kaɗan da gurbi. Aka soya kifi, aka gasa masara. Kankanar Almu kuwa tun ba ta nuna ba ake saye, a ci a tsaye ana kallon ruwa. Ana cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma ta Almu sai da ta yi 'ya'ya har da jikoki. Kowa ya yi ƙiba a ƙauyen ban da shi. In baƙi suka kewaye shi suna tambayar tsawon kadan sai ya sunkuyar da kai ya yi shiru, su kuma su ce abin da bawan Allah ya gani ya fi ƙarfin faɗa.

Matarsa ya fara gaya wa gaskiyar. Ita ta ba ni labarin da bakinta, tana dariya tana share ƙwalla. Ya same ta tana kwaɓa zalabiya ya ce, "Rabi'atu, babu kada. Ni nak ƙage shi."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Malam, na sani tun ranar farko. Shekara arba'in muna tare, ka taɓa faɗin magana kana kallon ƙasa? To wa kac cuta? Yara sun bar shiga gurbi, gari ya samu abin yi. Khalas, shi ke nan, ka kama bakinka."

Ya kama bakin har shekara biyu, yana ramewa. Ya daina tsayawa sahun gaba. Ranar raba gonaki in ya ce "Nan" ba ya duban kowa, ko da yake ko taku ɗaya bai taɓa kuskurewa ba. A damina ta uku, kogi na cike, ya miƙe bayan sallar Juma'a ya ce, "Jama'a, ku yafe mini. Kadan nan babu shi. Haushin kankanata yas sa nif faɗi haka."

Mahmudu ya gyara murya. Ya ce, "To mu da munka gane shi da idonmu fa? Makahi muke ko maƙaryata? Kuma in wancan karon kay yi ƙarya, kai maƙaryaci na. In yanzu kaka yi, kai maƙaryaci na. Sai mu koma batun taku ukuna."

Ba wanda ya tsawata wa Mahmudu, har da ni, kuma har yau ina jin kunyar wannan. Mutum arba'in ne suka ga kada, kowa da abin da zai rasa, wani ciniki wani mutunci. Jibirin ya ja Almu gefe ya ce masa a hankali, "Malam Almu, ka ce rashin lahiya ta, ba ka san mi kac ce ba. Kada shi zauna wurinai, kai ka riƙe sandarka." Almu ya juya. Ya jingina sandar da bangon masallaci ya tafi gida.

Da kogi ya janye, muka ce ai ba wani abu ba ne, taku ne kowa ya iya. Jibirin ya sauka da igiya. Sai ga shi kowa ya tuna gonarsa ta fi ta bara faɗi. Da aka haɗa abin da kowa ke da'awa, sai an ƙara mana rabin gaɓar ƙauyen da ke gaba. Wa da ƙani suka shaƙe juna cikin laka har gwiwa, aka zaro su kamar tarwaɗa. Ita kuwa laka ba ta jiran shari'a. Kwanakinta ƙidayayyu ne, in ta bushe ta tsattsage ba ta karɓar iri, shekara ta tafi. Kwana tara muna rigima, a na goma muka ga tsaga ta fara gudu daga sama.

Da hantsi muka ɗunguma gidan Almu, kuma Mahmudu ne ya ɗauko sandar, da hannu biyu. Almu ya karɓa, bai yi mana gori ba. Ya wuce gaba muka bi. Mata suka jeru a kan tudu suna kallo.

A gonar farko ya ƙirga takunsa, ya ɗaga sanda, amma bai soka ba. Ya dubi mai gonar ido cikin ido ya ce, "Kai, ka ga kada?"

Mutumin ya dubi jama'a, ya dubi lakar da ke tsagewa ƙarƙashin ƙafarsa, ya ce, "Ni dai wani abu nig gani ya motsa."

"Kada?"

"A'a."

"Nan," in ji Almu, ya soka sanda.

Haka ya bi mu ɗaya bayan ɗaya. Mai idanu ya ce ƙila kwaɗo ne. Mai gurnani ya ce injin ban ruwa ne daga tsallake. Tun ana sunkuyar da kai har aka fara dariya, wanda aka wuce ya tsaya ya ji yadda na gaba zai kare kansa. Da ya iso kaina ya ce, "Abdulƙadir, kai da kay yi makaranta, ina labarin wutsiya?" Na ce, "Kututturen goruba ne, Baba." Ya ce, "Nan." Ban taɓa jin daɗin kalma kamar wannan ba.

Mahmudu ne na ƙarshe. Almu ya ce, "Akuya fa?" Mahmudu ya yi tari, ya ɗaga kai ya hango matarsa a kan tudu, don akuyar tata ce. Ya yi ƙasa da murya ya ce kasuwa ya kai ta. Almu ya ce bai ji ba, kunne ya tsufa. Sai da ya maimaita yadda na kan tudu za su ji. Almu ya soka sanda daidai inda yake sokawa kowace shekara, taku ukun nan ko rabi bai ƙara masa ba. Abin da Mahmudu ya tarar a gida ranar ba na wannan labarin ba ne.

Da Almu ya juyo ya ɗaga ido wajen matan, Rabi'atu ta riga shi. Ta ce, "Ni ban da gona, Malam. Kar ka tambaye ni."

Muka yi shuka a kan kari, kuma Almu ya koma sahun gaba. Amma baƙi ba su daina zuwa ba. Sauran Juma'o'in rayuwarsa a bakin gonarsa ya ƙare su, yana tare duk wanda ya sauko yana ce masa, "Babu kada, ni na ƙage shi." Su yi murmushi su dafa kafaɗarsa a ɗauke su hoto da waya, su wuce wurin Rabi'atu su sha shayi. Ya riƙe sandar har shekarar dubu biyu da goma sha ɗaya, lokacin da Allah ya karɓi abinsa.

Bayan rasuwarsa da shekara biyu na taso daga Wad Madani zan je gida. A tasha na ji kwandastan hafilarmu yana kiran fasinja, ba da sunan ƙauyenmu ba, wai "Kadan Almu, Kadan Almu, saura mutum biyu." Raina ya ɓaci sosai. Mutum ya yi shekara saba'in yana faɗin gaskiya, a rasa abin da za a liƙa wa sunansa sai kalma biyun da suka hana shi barci. Matar da ke kusa da ni ta ce yayanta ya gan shi bara, ya kai tsawon hafilar nan. Na ce mata babu kada, ni ɗan garin ne. Ta ce ai an gaya mata haka mutanen garin ke cewa.

Da na sauka sai na bi ta maƙabarta kafin in shiga gida. Na yi masa sallama, na yi masa addu'a, na gaya masa kankana ta yi kyau bana. Abin da kwandasta ke kira kuwa ban gaya masa ba. Ban yi masa ƙarya ba, shiru kawai na yi.