Asiajuk, Wanda Ya Riga Ni Komai

Ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, da hantsi, ina bakin teku ina raba wa karnuka nama, 'yata Saffak ta gangaro da tsohon cikinta ta tsaya a bayana. Tun kafin ta buɗe baki na sha jinin jikina. Ta ce, "Baba, Baba Asiajuk ya cika." Na ajiye wuƙar. Abin da ya fara zuwa bakina ba addu'a ba ce, Allah ya yafe mini. Cewa na yi, "To, nan ma ya riga ni."

Asiajuk, ɗan gwaggona, taubashina. 'Yan watanni kawai ka ba ni, amma ka sa na yi ta kiranka Yaya har muka yi furfura. Duk garinmu na ƙanƙara, Qaanaaq, ya san ni Majaq ina kishinka, kai ma ka sani, don haka ba zan zo kan kabarinka in fara ƙarya ba. Sunanka ya hau taswirar duniya, nawa bai wuce bakin karnukana ba, kuma abin ya ci mini rai fiye da rabin rayuwata.

Ka tuna ranar. Muna samari, a ɗakin gwaggo ana shan kofi, wani Baturen Danmak mai jan gemu ya shigo da tafintansa. Ya ce za su tafi can ƙuryar arewa neman tudun da babu sauran ƙasa a gabansa, kuma jirginsu mutum ɗaya zai ɗauka da karnukansa. Sai ya tambaya wa ya fi iya tuƙa keken ƙanƙara da karnuka ke ja a cikinmu. Kowa a ɗakin ya san amsar, ni ne. Amma ɗan mutunci ba ya yabon kansa, kushe kansa yake yi, jama'a su auna girmansa da yawan kushen. Na gyara zama na ce, "Ni? Ai karnukana ƙashi da fata ne, in suka ga zomo su ke fara gudu. Bulalata kuwa kunnena kawai take samu." Ɗaki ya ɗauki dariya, tsofaffi suna gyaɗa kai. Kai da ba ka taɓa iya magana ba, ka sosa ƙeya ka ce, "Nawa ma dai, to, ba su da kyau sosai."

Tafinta ya mayar da maganata tiryan-tiryan. Baturen ya dube ni da tausayi, ya dafa kafaɗata, sannan ya nuna ka. Ba halin in ce wasa nake, da na sha kunyar da za ta bi ni har jikoki. Na san ka bi shi waje ka ce masa, "Majaq ya fi ni, shi za ka ɗauka." Sai ya yi murmushi ya ce wa tafinta lallai yaron nan yana da tawali'u. Sau ɗaya tak mutumin nan ya gane al'adarmu a zamansa, kuma a kaina ta ƙare.

Ka tafi, ka dawo da labari, sanyi ya baƙanta maka fuska. Ka ce bayan kun wuce tudu na ƙarshe da aka sani, kun ci gaba a kan daskararren teku, sai ka hango wani ɗan baƙi-baƙi a cikin fari. Tarin tsakuwa ne, faɗinsa bai kai cikin cocinmu ba. Suka auna, suka rungume juna, suka ba ka tuta ka riƙe, suka sa masa suna Tsibirin Asiajuk. Aka faɗa a rediyo. Aka liƙa taswirar a bangon makaranta. Ranar da Saffak ta dawo daga aji ta ce, "Baba, kai ina naka tsibirin?" ban ci abinci ba.

Da mugu ne kai, da na huta, domin mutum yana son wanda yake kishi ya zama mugu. Amma ko kayanka ba ka kwance ba ka zo gidana, ka sa mini wani ɗan dutse mai ruwan toka daga tsibirin a tafin hannu, ka ce, "Ga rabonka." Na so in jefa shi teku, na kasa. Shekarar da ciwo ya shiga karnukana ya share su kaf, na fito da safe na tarar da rabin naka a ɗaure a ƙofata, har da jagoransu. Na biyo ka da faɗa, ka ce, "Sun ishe ni da ci, ƙanena, rage mini wahala." Da matata Atangana ta rasu, kai ka fasa daskararriyar ƙasa da hannunka, ka hana ni taɓa diga. Kuma ba a taɓa yanka nama a gidanka ba, Tukummeq matarka ba ta aiko mana da wurin da ya fi daɗi ba. Na ci, na gode, na kuma ji haushi.

Sai ga shi bayan shekaru wasu masu bincike sun koma, suka yi ta shawagi ba su ga tsibirinka ba. Wasu suka ga wani a gefe, shi ma ya ɓace. Daga ƙarshe aka je aka huda irin waɗannan tuddan, aka tarar ƙanƙara ce a ƙasa, tsakuwar a bayanta kawai take zaune. Da kaina na kawo maka labarin. Na ɗaure fuska tun daga gida, amma ƙafafuna sauri suke yi. Ka saurare ni har na gama, sai ka fashe da dariya har da tari.

Ka ce, "Ashe a kan ƙanƙara na tsaya ina riƙe da tuta? Ai da a ƙofar gida na yi, na huta da sanyi!"

Na ce, "Za su goge sunanka fa, Yaya."

Ka ce, "Su goge. Dutsen nan yana wurinka? To riƙe shi da kyau, duk abin da ya rage na ƙasata yana hannunka. Kai ne sarki yanzu."

Ko wannan 'yar murnar ba ka bar ni na yi ta yadda ya kamata ba. Duk da haka na koma gida da sanyin zuciya. Na ce yanzu mun zama ɗaya, ni da kai, tsofaffi biyu da za a manta da su tare.

Mun binne ka ranar Asabar. Kafin mako ya zagayo Saffak ta sauka, namiji. Ka san yadda muke: sunan mamaci ba ya kwana a waje, sai ya sami jaririn da zai shiga, kuma wanda ya ɗauki suna ya ɗauki matsayin mai shi. Ban yi tunanin abin ba sai da na shiga ɗakin na tarar da Tukummeq rungume da yaron, tana kuka tana dariya, tana cewa, "Har ka dawo, maigida? Kai dai ba ka iya zama wuri ɗaya ba." Saffak ta karɓe shi ta miƙo mini. Ta ce, "Baba, gaishe shi mana. Yayanka ne fa." Mata suka zuba mini ido. Na dubi jikana na fari, wanda na daɗe ina jira, na ce, "Sannu da zuwa, Yaya."

Ka gani? An cire ka daga taswira, ka shigo cikin gidana ka zauna. Ni zan koya masa bulala, ni zan ba shi karnukana, kuma duk abin da ya zama, Asiajuk za a ce. Dutsen na sa shi a ƙarƙashin shimfiɗarsa, na mayar wa mai shi. Amma in wani baƙo ya zo yana tambayar wa ya fi iya tuƙi, yaron nan ba zai buɗe baki ba, ni zan amsa masa.

Tukummeq, Allah ya ba ki haƙuri, ke da 'ya'yanki da jikokinki, da dukan waɗanda suka ci daga hannunsa, kuma suna da yawa. Ni ma a yi mini ta'aziyya, don na rasa wanda nake auna kaina da shi, yanzu ban san tsawona ba.

Allah ya jiƙanka, Yaya, ya yafe maka kurakuranka, ya yi maka rahama. Allah ya sa inda ka sauka wannan karon ƙasa ce tabbatacciya, wadda ba ta narkewa a ƙarƙashin mutum. Tunda ka riga ni can ma, ka rage mini wuri a gefenka. In an tambaye ka ko na cancanta, kada ka sosa ƙeya, ka buɗe baki ka yi magana.