Ranar da Majajjawa ta Kakkaɓo Kurman Jirgi

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, wasu ma da gangan na mance da su. Amma ranar da yayana ya kakkaɓo kurman jirgi da majajjawa, wannan kam sai dai a binne ni da ita.

Ni ban daɗe a lakwal, wato makarantar boko, ba na gudu. Kabu-kabu na yi ta yi tsakanin Gaya da ƙauyenmu, can wajen Tanda, har bayana ya ce ya gaji. A ƙarshen wata damina sai ga wasu matasa daga Yamai da akwatuna a bayan mota. Shugabarsu wata 'yar siririyar injiniya ce, ba ta fi ɗiyata ta fari ba. Ta ce ƙaramin kamfani gare su, gwamnati ta tallafa masu su yi bincike a gani ko ƙaramin jirgi marar matuƙi, wato kurman jirgi, zai iya kai magani ƙauyukan da ruwa ke yanke wa hanya.

Na dubi abin, na ce, "Madam, wanga ba irin na soja ba ne?"

Ta ce, "Danginsu ɗaya, Kawu. Amma namu allura yake ɗauka."

In faɗi gaskiya, yaran nan ba su yi gaggawa ba. Sun nemi izinin hukuma, sun durƙusa gaban maigari, aka yi shela bayan sallar Juma'a. Ni aka ɗauka in riƙa share fili bayan ɗakin shan magani, in shimfiɗa farin tampol, in kori awaki. Jirgin ya taso daga Gaya, ya biyo saman hanyar mota, ya sauka a kan tampol. Lokacin gwaji ake yi, kwalaben ruwa kawai yake kawowa. Tsofaffi suna dariya, suna cewa gwamnati ta ga ruwa ya cinye mu, sai ta aiko mana da ƙari ta sama.

To, akwai abin da duk ɗan ƙauyenmu ya sani har ba ya tuna ya sani. Idan shinkafa ta fara nuna, tsuntsayen jan-baki sukan sauko fadama kamar hadari, kuma garke ɗaya in ya sami sarari sai ya bar maka kara. Masu tsaro ba sa kwana gida. Bukka suke kafawa a fadama, a can suke ci, a can suke salla, ko Juma'a ba sa shigowa gari. Tun kafin matasan nan su zo suka tare. Yayana na cikinsu. Tsoho ne mai taurin kai, ba ya riƙe salula, amma in ya ɗora busasshen curin laka a majajjawa, abin da ya duba ya samu. Shelar da aka yi a masallaci ba ta taɓa isa kunnensa ba.

Ran nan da hantsi aka kawo ɗansa a amalanke. Magidanci ne, da mata da 'ya'ya, kububuwa ta sare shi a ƙafa yana cikin dawa. Majo, wato malamin da ke riƙe da ɗakin shan maganinmu, ya duba ya ce ba shi da allurar dafin, sai Gaya. Hanya kuwa ruwa ya karya ta, ko ni da na san kowane rami ban isa in wuce da moto ba. Kafin a jima dasashin yaron ya fara jini.

Majo ya kira injiniyar a waya, tana can Gaya. Ina tsaye ina jin muryarta. Ta ce ba su taɓa ɗaukar magani na gaske ba.

Majo ya ce, "To yau za ku fara, Madam. In ba haka ba gawa zan sallama."

Ta yarda. Kuma don ta rage tafiya, ba ta biyo da shi ta saman hanya ba, sai ta yanko kai tsaye ta bakin gulbi, ta kan fadama. Ko ni ne a wurinta haka zan yi.

Na shimfiɗa tampol ina duban gabas inda ya saba ɓullowa. Sai na ji ƙugi ta bayana. Na juya, na hango shi can saman shinkafa ya fara saukowa. Ina kallo ya yi wata irin girgiza, ya karkata, ya juya kamar kazar da aka yanka, ya faɗa cikin ruwa.

Na yi gudun da ban yi ba tun ina saurayi. Na tarar da yayana tsaye a kan kunya, majajjawa a hannu, yana haki, fuskarsa cike da jin daɗi.

Ya ce, "Ka gani? Na sha jin ana cewa da irin wanga suke auna gonar mutum su ƙwace. To ba tawa ba!"

Na ce, "Yaya, maganin ɗanka ne a ciki. Maciji ya sare shi."

Bai ma tambaye ni ko da gaske nake ba. Ya tuɓe riga ya faɗa cikin shinkafar da ya kwashe makonni yana tsaro, yana tattake ta da ƙafafunsa. Jirgin mun same shi da wuri, amma akwatin maganin ya ɓalle ya faɗa wani wuri. Masu tsaro duka suka bar gonakinsu suka shigo, muka jeru muna lalube cikin laka da hannu. Jan-baki suka sauko a bayanmu suna ci, babu wanda ya ɗaga kai. Sai bayan la'asar wata mata ta taka shi. Kwalaben ba su fashe ba.

Yaron ya rayu. Amma ƙafar ta riga ta lalace, da hanya ta buɗe aka kai shi Gaya aka yanke ta ƙasan gwiwa. Majo ya ce watakila ko da allurar ta zo da wuri haka za a yi. Ban sani ba ko gaskiya ya faɗa ko tausayin tsoho ya ji.

Injiniyar ta zo da kwalekwale washegari. Na zaci jandarma za ta kawo. Sai ta ce in kai ta fadama. Ta cire takalmi ta zauna bakin bukkar yayana, su biyu kowa ya sunkuyar da kai.

Can ya ce, "Ɗiyata, na ɓata maki kaya."

Ta ce, "Baba, ni na bi ta kan gonarka ban yi sallama ba."

Daga nan ta yi ta bin bukkoki ɗaya bayan ɗaya har aka yanke shinkafa, tana nuna masu karyayyen jirgin, suna taɓawa, tana tambayarsu wane lokaci suke ina. Da suka tashi suka koma Yamai. Ko gwamnati ta ci gaba da tallafa masu, ban sani ba, ba a gaya wa irinmu wannan.

Na daɗe ina neman wanda zan ɗora wa laifi, ban samu ba, kuma na gaji da nema. Abin da na ɗauka dai shi ne, in ka kawo wa mutane sabon abu, komai alherinsa, kada ka ce ka gama sanarwa don ka faɗa wa waɗanda suka zo taro. Ka tambaya wa bai zo ba, kuma me ya hana shi. Ka tafi ka same shi a inda aikinsa ya tsare shi.