Lambar Baffa

Gwaggo ce ta raine ni, ƙanwar mahaifina, kuma da cinikin atamfa ta riƙe ni a makaranta har na zama mai rubuta manhajar kwamfuta. Rumfarta tana kasuwar Sankaryaaré, layin 'yan zane. Mace ce da in ka ɗago mata ƙyalle daga nesa za ta gaya maka ko zai zuba a wankin farko. A shekarar da nake magana a kai, yanar ido ta rufe mata ido biyu. Ta fara miƙa wa mai saye shuɗi tana rantsuwa kore ne, har matan da suka shekara suna saye a wurinta suka koyi gaishe ta su wuce rumfar gaba.

Ana cikin haka labari ya iso ƙungiyar unguwarmu ta Zongo cewa wasu likitocin ido za su zo su yi kwana biyu suna kankare yana kyauta. Gurabe kaɗan ne, masu bukata kuwa sun cika unguwa. Zuwansu na baya da littafi aka yi rajista, kuma abin ya zama abin kunya: mutum ya rubuta sunansa a masallaci, ya zagaya ya sake rubutawa a gidan mai unguwa, dangin 'yan kwamiti suka cika shafin farko. Ni ne na fi kowa ɗaga murya a kan wannan. Ina da baki, kuma a lokacin ina ganin kowa a unguwar jahili ne in ban da ni. Don haka da aka ce wa zai gyara, na miƙe na ce a bar mini.

Tsarin da na yi mai sauƙin faɗi ne. Tebur huɗu: ƙofar masallaci, bakin kasuwa, tashar manyan motoci, da gidan mai unguwa. Kowane tebur da wayarsa, duk suna aika sunaye wuri ɗaya a lokaci ɗaya. Na rubuta manhajar da yaren Rust, wanda na koya ba da daɗewa ba, ina kuma ji da shi kamar sabon babur. Zuciyar aikin wani ma'aji ne da 'yan sana'armu ke kira hash set. Halinsa ɗaya ne: ba ya karɓar abu sau biyu. In ka saka abu sabo sai ya amsa maka da i, in abin yana ciki sai ya ce a'a, bai kuma ajiye komai ba. Na zaɓi irin wanda hannu da yawa za su iya zuba masa kaya tare ba tare da sun yi karo ba, domin a cikinsa an raba shi ɗaki-ɗaki, kowane ɗaki da kwaɗonsa. Ko tebur biyu sun aiko abu ɗaya a ƙiftawa ɗaya, ɗaya ne kawai zai samu i. Na yi sati ina gwada wannan, ina jefa masa sunayen bogi ta ko'ina, bai taɓa tuntuɓe ba.

Saura tambayar me za a saka a ciki don a gane mutum. Suna ba zai yi ba, rabin mazan Zongo sunansu ɗaya, uban ma ɗaya. Katin shaida kuwa ba kowace tsohuwa ke da shi a hannu ba. Sai na ce lambar waya. Ai kowa da tasa.

Akwai wani hukunci na biyu da na yanke, wanda a lokacin na ɗauke shi wayo. Rezo, wato layin sadarwar waya, a unguwarmu sai a hankali. Waya takan aika suna, amsa ta ɓace a hanya, ta sake aikawa. Na ce to, duk lokacin da ma'ajin ya ce a'a, ai mutumin nan ne dai ya dawo, kuma yana ciki tun farko, me zai sa a tsorata mai tebur da jan rubutu? Sai na sa allon ya nuna kore, ya rubuta “An karɓa”, ko i aka amsa ko a'a.

Ranar taron kwamiti na tsaya gaban dattawa na buga ƙirji. Na ce wannan karon ba sani ba sabo. Na ce ba wanda za a ƙara da hannu, ba wanda za a musanya, ko da uwar da ta haife ni ce. Na faɗi hakan ina kallon wani ɗan kwamiti da ya cusa surukansa a littafin baya. Ya yi murmushi ya ce, “Mun ji, injiniya. Allah ya ba da iko.”

Ranar rajista ina ofishinmu a unguwar Larlé, ina kallon sunaye suna shigowa ina jin daɗin kaina. Da yamma na tarar da Gwaggo a tsakar gida tana tsince shinkafa da laluben yatsa, bakinta har kunne.

“Na je, ɗan nan,” ta ce. “Madam ɗin lekol, malamar makarantar nan da ke tebur, ta ce abin naka ya nuna kore. Na ce mata ɗana ne ya ƙera shi.”

Na ce madalla. Ban buɗe jerin na duba ba. Me zan duba? Ya nuna kore.

Safiyar aikin ta yi wanka tun asuba, ta ɗaura atamfar da take ajiyewa don biki, ba ta karya ba saboda wata ta gaya mata ba a cin abinci kafin aiki. Baffa, yayan mahaifina kuma maigidanmu, shi ya riƙo hannunta har ƙofar wurin. Ni nake ƙofar da kwamfuta a kan cinya, 'yan kwamiti a bayana. Na buga sunanta. Babu. Na sake bugawa, na juya shi, na bi jerin daga farko har ƙarshe. Babu.

“Duba da kyau,” in ji Baffa. “Ni na ga fitarta ranar nan.”

Shugaban kwamiti ya sunkuyo ya yi ƙasa da murya. “Injiniya, sa ta a lis ɗin kawai. Uwarka ce. Ba wanda zai ce uffan.”

Na ɗaga kai na ga mutumin nan mai surukai yana kallona, da murmushinsa na ranar taro. Abin da ya shiga raina a lokacin ba idon Gwaggo ba ne, ina faɗi ne don kada in yi wa kaina ado. Maganata ta gaban dattawa nake ji tana dawo mini. Kuma can ƙasan raina na yarda da ma'ajin fiye da yadda na yarda da ita. Shi na gwada shi sati guda. Ita kuwa tsohuwa ce da ba ta bambanta shuɗi da kore.

“Gwaggo,” na ce, da muryar da ake lallashin yaro, “wataƙila ba teburinmu kika je ba. Ko kin manta ba ki ƙarasa ba.”

Ba ta yi gardama ba. Ta ɗan tsaya, ta gyara mayafinta, ta ce, “To. Zai yiwu.” Ta ce wa Baffa, “Yaya, samo mini inuwa in huta.” Suka zauna a gindin katanga, ba nisa da ni. Tana nan zaune aka fito ana kiran sunan wani direba, sau uku, ba wanda ya amsa. Da hannuna na ja layi a kan sunansa. Dokata ta ce ba musanya, don haka gurbin ya tafi a banza, likitoci suka naɗe kayansu washegari.

Bayan kwana takwas na zauna rubuta rahoto. Manhajar tana ajiye tarihin duk abin da aka aiko mata, har waɗanda ma'ajin ya ce wa a'a. Na buɗe ne don in ƙirga 'yan zamba nawa na kama, in kai wa kwamiti su ji kunya. Yawancinsu yadda na zata ne, suna ɗaya lamba ɗaya, waya ce ta maimaita. Amma ina gangarawa sai na fara ganin lamba ɗaya da suna daban. Sai ga sunan Gwaggo. Kusa da shi lambar da na haddace tun ina ɗan makaranta, lambar Baffa.

Gwaggo tana da waya, ni na saya mata. Amma macen gidanmu mai shekarunta ba ta ba baƙo lambarta a rubuta a takardar hukuma. Lambar maigida ake bayarwa, shi za a kira, shi zai shigo ciki ya faɗa. Haka ake yi tun kafin a haife ni, lokacin da adireshin Baffa ne ake bayarwa. Ba kuma mata kaɗai ba. Baffa mai masauki ne, direbobin Nijar da fataken Kano a zaurensa suke sauka, kuma duk wanda aka tambaya lamba a garin nan ta mai masaukinsa yake bayarwa, don tasa ta ƙasarsu ce, yau tana shiga gobe ba ta shiga. Ni kaina, duk takardar makarantata lambar Baffa ce a kai. Na san wannan kamar yadda na san hanyar gidanmu. Ban tuna da shi ba ko sau ɗaya a satin da na yi ina gwaji, domin sunayen bogin da na ƙirƙira kowanne da lambarsa, kamar mutanen da ba su da gida.

Layin da ke saman nata na direban nan ne. Yana teburin tasha, tana teburin kasuwa, suka ba da lamba ɗaya kusan a numfashi ɗaya. Tazarar ba ta kai ƙiftawar ido ba. Da ma'ajin kwasa-kwasa marar kwaɗo na yi amfani da shi, wataƙila da ya rikice ya shigar da su duka biyu. Amma nawa mai kyau ne. Ya kulle ɗakin, ya ba direba i, ya ba Gwaggo a'a, ni kuma na shafa wa a'ar kore. Direban ya sami lodi zuwa Yamai kwana biyu kafin aikin, ya tafi abinsa.

Ba ita kaɗai ba ce. Akwai wasu tsofaffin mata a jerin, na san gidajensu duka, na kuma tuna yadda na sallami biyu daga cikinsu a ƙofa. Rahoton da na kai wa kwamiti bai ambaci wannan ba. An yaba mini, an yi mini addu'a, har mai surukai ya miƙo mini hannu.

Na yi niyyar kai ta asibiti da kaina, ina ta cewa bari aiki ya lafa. Da damina ta yi nisa idon dama ya fara yi mata ciwon da ke hana ta sujada. Likitan da muka gani ya ce yanar ta kumbura ta danne jijiyar, na daman ya tafi, na hagun ma sai dai haske da duhu. Ya tambaya me ya sa ba a kawo ta da wuri ba. Gwaggo ta riga ni amsawa. “Mantuwa ce, likita. An kawo mana aikin har unguwa, ni ce ban yi rajista daidai ba.”

Haka take gaya wa duk wanda ya zo dubiya. Ta bar wa 'yar ƙanwar marigayi mijinta rumfar, ta dawo tsakar gida. Wata biyar ina jin wannan magana daga ɗakina, kuma duk faɗar da ta yi sai ta ƙara da cewa na'urar ɗanta ba ta kuskure. Na tsani Rust, na tsani kwamitin, na tsani mai surukai, na zagaya kowa da tsana kafin na yarda in tsaya a kaina.

Wata Juma'a bayan an sauko, na tarar da ita ita kaɗai tana ninke zannuwanta, tana gane kowanne da shafar hannu. Na zauna a bakin tabarma na gaya mata komai. Ban yi mata bayanin ɗakuna da kwaɗo ba. Na ce ta yi rajista, daidai ta yi, lambar Baffa ce ta haɗa ta da wani baƙonsa, na'urata ta ɗauke shi ta jefar da ita, ni kuma na ƙaryata ta a gaban mutane.

Ta dakatar da ninkin. Hannunta yana kan zanen, yana bin bakinsa. Na so ta zage ni, wallahi na so.

“Ashe ban manta ba,” ta ce a hankali. Sai ta juyo da fuskarta wajen da take jin numfashina. “Wane ne a cikin baƙin Yaya?”

Na ce direban nan dogo mai kawo mata dabino.

“Allah sarki, mai 'ya'ya ƙanana. Ai direba ya fi ni bukatar ido.” Ta ɗan yi murmushi. “To shi, idon nasa ya warke?”

Na ce mata ya warke.