Alwatikar da ke Wuyan Rigar Akawu

Shekara talatin da ɗaya Baba Mai Guga ya yi a shagonsa na ƙarshen layi, tsakanin baho biyu da igiyar shanya, bai taɓa ba wani wandon wani ba. Ba ya karatu, ba ya rubutu. Abin da Allah ya hore masa allura ce da baƙin zare. Duk rigar da ta shigo, sai ya juya wuyanta ya ɗinka 'yar alama, ba ta kai ƙwayar wake ba, wando kuwa a ƙugu. Direban tanka da'ira ce tasa, saboda taya. Mai kemis kusurwa huɗu, kamar kwalin magani. Akawu kuwa kusurwa uku aka ba shi, don mutumin sama tsuke ne, ƙasa baje, in ya tsaya bakin ƙofa sai ka ce tifa ta juye yashi. Wannan dalilin Baba bai faɗa wa kowa ba sai mai ɗakinsa, ita ma dariya ɗaya ta yi ta nemi gafarar Allah.

Da Akawu ya yi ritaya, ɗansa ya saya masa babbar waya don ta ɗebe masa kewa. Kafin wata uku ya zama masanin asirin duniya. Tayil ɗin banɗaki ma bai tsira daga fassararsa ba. Wata safiya ya juya wuyan rigarsa, ya ga abin da ya shekara goma sha biyu yana gogar ƙeyarsa bai taɓa yi masa ko ƙaiƙayi ba.

Ya iso shagon da riga a hannu ɗaya, waya a ɗayan, mutanen layi na biye.

"Baba, mene ne wannan?"

"Taka ce, Malam."

"Na san tawa ce! Alwatika ce wannan. Tsininta a sama, alamar wuta ke nan a wurin matsafa. Shi ya sa kullum nake jin zafi a jikina."

"Da hannun hagu na riƙe wuyan," in ji Baba. "Juya ta ka gani."

Akawu ya juya, tsinin ya koma ƙasa. Ya leƙa waya. "Ruwa! To ga ciwon ƙafata ya fito."

Direba ya cire rigarsa nan tsaye, ya ga da'ira. Akawu ya ce ba ta da farko ba ta da ƙarshe, ɗauri ne, mai ita zai yi ta zagaye wuri ɗaya har ya mutu. Direban da ya shekara ashirin yana bin hanya ɗaya saboda nan kamfani ke aikensa, ya yi salati ya zauna a kan bokiti. Mai kemis aka ce masa tasa ƙasa ce, bango huɗu, kurkuku. Ya tuna kullum yana cikin shago. Magana ta tabbata.

Ranar babu wanda ya kawo ko hankici. Washegari ma haka. Baba ya zauna yana kallon dutsen guga ya huce da gawayinsa a ciki. Yunwa bai ji tsoronta sosai ba, ya santa ta san shi. Abin da ya dame shi shi ne a masallaci mutumin da ke gefensa ya ɗan janye kafaɗa.

"Ka faɗa musu gaskiyar mana," in ji mai ɗakinsa.

"In ce wa mutum tsibin yashi a gaban jama'a? Yana da surukai fa."

Sai ya ɗauki reza, ya jawo benci ƙofar shago inda kowa zai gani, ya warware alamomin kayan da suka rage ɗaya bayan ɗaya. Tarin zaren bai cika murfin kwalba ba. Iyakar tsafin ke nan. Ya wanke, ya sa bula, ya goge, ya jera fararen kaya ashirin da bakwai, kowanne kamar ɗan'uwansa.

"Bismillah, kowa ya ɗauki nasa."

Ashe masu ilimin ba su san wandunansu ba. Mai kemis ya wuni yana tattare ƙafar wando. Akawu ya tafi karɓar takardar fansho, ya sunkuya zai zauna, wandon direba da ya ɗauka ya ɓarke daga baya, ofis kaf aka ji. Kafin la'asar direba ya dawo da kai ƙasa, ya ce, "Baba, a mayar mini da tayata, don Allah. In ɗauri ne ma na saba."

Akawu shi ne na ƙarshe. Ya ce shi ba za a ƙara yi masa zanen jahilci ba, harafin farko na laƙabinsa zai rubuta da hannunsa, irin na boko. Ya zaro biro, ya gyara tabarau, ya zana A babba a wuyan kowace riga.

Baba ya kai rigar bakin taga, ya daɗe yana dubawa.

"Malam, wannan zan riƙa nema?"

"Shi. Wannan ilimi ne, ba tsafi ba."

"To, alhamdulillahi," in ji Baba, ya jefa ta baho. "Ai ita ce dai. Ƙafafu kawai ka sa mata."