Mutumin da Ya Sauko da Ni Daga Chappal Waddi

Shekara shida ke nan da rasuwar Yaya Isyaku, amma har yau in na tura ƙofar matakalar benen da nake gadi a unguwar West Bay ta Doha, sai in ji kamar zan tarar da shi a sama yana haki yana yi mini tsiya. Allah ya jiƙansa. Ban zauna rubutun nan don in sa kowa kuka ba, don shi kansa ba ya son dogon jimami. So nake ku ji yadda masu gadi biyu suka tashi daga Doha suka hau dutsen da ya fi kowanne tsayi a Najeriya, da irin wautar da suka tafka.

Yaya Isyaku Bafulatani ne daga wani ƙauye a tsaunin Mambilla. Ya girme ni, kuma shi ya karɓe ni ranar da kamfani ya kawo ni. Ni Babarbare ne ɗan Nguru, inda in ka hau suri ka gama ganin duniya. Kun san tsakanin Fulani da Barebari, tun ranar farko ya raɗa mini suna "bawana". Ya tashi yana hango Chappal Waddi a gandun dajin Gashaka Gumti, bai taɓa hawa ba. Abin yana cin ransa, wai ya ƙare da gadin dogayen benayen mutane alhali dutsen garinsu ya fi su duka. Wata rana ya ce hangen Dala ba shiga birni ba ne, hutu mai zuwa za mu hau. Na ce wa, ni? Ya ce ai ubangida ba ya tafiya ba ɗan dako.

Haka muka fara atisaye. In mun tashi aiki sai kowa ya zuba shinkafa a jakar goyo, mu kama matakala tun daga ƙasa har hawa na ƙarshe, gumi kamar an yi mana wanka. Da mun kai sama sai mu danna lif, mu jingina da madubi, ta sauko da mu muna yaba wa kanmu. Wata da watanni muna haka, har ƙwaurina ya yi tauri na fara tafiya ina buɗa hannu.

Kai jama'a, gani ya kori ji! Hutu na zuwa muka taho Najeriya, ma'aikatan gandun suka haɗa mu da ɗan jagora, muka kwana biyu a hanya muna ratsa rafuka masu sanyin ƙanƙara da ciyawa har ƙugu. Birai masu farin gashi a kafaɗa suna leƙen mu daga kan itatuwa. Matan wata ruga suka cika mu da nono. Ni da na saba da zafin Doha, da asuba sai haƙorana su riƙa kaɗawa ina alwala. Can kusa da ƙololuwa numfashi ya fara yi mini gardama, amma ƙafafun nan ba su ba mu kunya ba. Da muka kai, ga gajimare a ƙarƙashinmu, ga ƙasar Kamaru shimfiɗe a ɗaya gefen. Yaya Isyaku ya yi kabbara da ƙarfi, ya faɗi ya yi sujada, ya tashi yana dariya hawaye na zuba. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan hantsin ba.

To, komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Muna fara gangarowa cinyoyina suka kama rawa, kafin la'asar gwiwata ta dama ta kumbura kamar curin fura. Ɗan jagora ya dube mu ya ce, "Wai a can inda kuka yi atisayen, ba kwa saukowa ne?" Muka kalli juna, sai dariya ta ƙwace mana har muka zube a ciyawa. Ashe rabin aikin muka koya, lif ta cuce mu.

Dariyar ba ta daɗe ba. Ranar tashin jirginmu ta matso, kamfani kuwa ya riga ya gargaɗe mu cewa wanda ya wuce hutunsa an maye gurbinsa, khalas, shi ke nan. Ƙafa ce jarin maigadi, kuma da ita nake ciyar da mahaifiyata da iyalina a Nguru. Tsoro ya kama ni sosai. Na ce, "Yaya, ka wuce ka tsira da aikinka, ni zan lallaɓo." Ya harare ni ya ce, "Bafulatani ba ya barin saniyarsa a daji, balle bawansa. Yalla, tashi!"

Ya haɗa jakata da tasa, ya aro mini sanda wurin wani makiyayi, ya sa na dafa kafaɗarsa. Ya ce in daina fuskantar gangare kai tsaye, in riƙa karkacewa hagu da dama yadda shanu ke yi. A ruga ya roƙi man shanu ya murza mini gwiwar ina ihu yana cewa Barebari ba su da jimiri. Ina jin tasa ƙafar tana rawa a ƙarƙashin nauyina, amma bai tsaya ba. Sannu ba ta hana zuwa. Da ƙyar muka riski jirgi, kuma safiyar da aka ce mu koma aiki ta same ni tsaye a bakin ƙofata cikin kaki, ina murmushi ina cije leɓe.

Ina ma ya ga yau. Samarin da ke zuwa yanzu suna biyan kuɗi a gidan motsa jiki na Lusail su hau injin da matakalarsa ba ta ƙarewa, agogon hannu na ƙirga musu taku. Na san zai riƙe baki ya ce, to ina ake zuwa? Amma zai ji daɗin ganin matakalarmu ranar Juma'a, ta cika da masu gadi da direbobi, har da 'yan uwanmu na zangon Ghana. Dokar da ya kafa da muka dawo tana nan: wanda ya hau da ƙafa, da ƙafa zai sauka. Huɗu daga cikinmu sun riga sun nemi hutu tare, bana za su Chappal Waddi, kuma sai na bi su ko da rarrafe.

Shekara biyu bayan tafiyar tamu ya kwanta ciwo na 'yan kwanaki, Allah ya karɓi abinsa, a nan Doha aka binne shi. Mutane suna tuna shi da hoton da muka ɗauka a kan dutse, ni kuwa da kafaɗar nan nake tuna shi. Masu raka mutum hawa suna da yawa, a gangare ake sanin naka. Da aka zo sa shi a kabari aka ce na kusa da shi su matso, danginsa kuwa duk suna Mambilla. Na durƙusa a kan gwiwar nan ta dama, na tallabi kafaɗunsa, na sauke shi a hankali.